Kan da Aka Kankare

'Ya'ya biyu Allah ya ba ni, duka maza, kuma duk mai cewa renon maza ya fi sauƙi ya zo ya same ni mu zauna. Tullio ne babba, Nevio ke bi masa. Da ubansu Quirino ya rasu, suka gaji injin matse zaitun da ke ƙasan gari, da gonar da ke bayan maƙabarta, da ni. Ni ce ba ta rabuwa, shi ya sa nake zaune a saman bene, Tullio a ɗakunan ƙasa, Nevio da matarsa Loredana a ƙetaren titi, inda nake hango tagar kicin ɗinsu in ga ko ta ɗora tukunya a kan lokaci.

Tullio ubansa ya ɗauko, magana sai an jawo ta da ƙugiya. Nevio kuwa bakina ya kwasa duka. In manomi ya kawo zaitun ɗinsa inji, ko Tullio ne tsaye a gabansa, sai ka ji ya ce, "Ina Nevio?" Ni ban taɓa bambanta su ba, kowa ya sani. Kawai dai Nevio an haife shi da raunin ƙirji, dole a riƙa leƙa shi, shi kuwa Tullio tun yana yaro bai taɓa neman komai a wurin kowa ba.

Abin da ya sa a gaba shi ne tsoffin kwabban Rumawa. A nan wajenmu garma ma tana tono su, to shi tun da ya tsinci ɗaya yana ɗan makaranta bai dawo daidai ba. Yakan jiƙa su a kwalba cikin man zaitun ɗina mai kyau wata da watanni, sannan ya zauna da tsinken sakace da gilashin ƙara girma yana cire musu datti. Mutum ya doshi hamsin yana yi wa matattun sarakuna wanka. Da matarsa ta kwashi 'yarsu ta koma Torino, sai kwalaben suka ƙaru, maganar ta ƙara raguwa.

Bara da kaka aka yi abin da ya tsaya mini a rai. Nevio ya sa aka fitar da tsohon dutsen niƙan ubansu aka kafa sabon inji, ba tare da ya jira yayansa ya amince ba. A gaban mutane Tullio ya ci kwalarsa ya haɗa shi da bango. Ina wurin. Na ga idonsa, kuma ban san idon ba. Daga ranar ba su sake cin abinci suna kallon juna ba.

Ranar Lahadin farkon wata ake cin kasuwar tsoffin kaya a dandali. A ƙarƙashin rumfar coci Sor Amilcare yake kafa teburinsa, wani tsoho mai gashin hanci kamar tsintsiya, wanda shi ke sayar wa Tullio kwabbai. Na fito daga addu'ar safe ke nan ya ƙwala mini kira.

"Sora Ersilia, zo ki huta. Ko kin zo ki zage ni ne kamar kullum?"

"Zaginka ma asarar yawu ce. Kai ka mayar mini da ɗa mai gadin kabari."

"Ni? Ni ba na zaɓa wa kowa. Kowa da ciwon da yake kawo shi teburin nan." Ya tura mini kujera da ƙafa. "Kin ga mai kantin magani? Sai kwabo mai hoton maciji yake saye. Ungozomarku da ta yi ritaya, ita sai matar sarki riƙe da jarirai, ta ce su ne kaɗai jariran da ba su tashe ta daga barci ba. Shi kuwa tsohon ɗan wasiƙa, akwai wata matar sarki mai haɓa biyu, ya ce sak marigayiya matarsa. Ya sayi guda nawa, har sumbatarsu yake yi in ya ɗauka ba na kallo."

"Allah ya jiƙanta, haɓa uku gare ta."

Muka yi dariya. Sai bakina ya ja ni, na ce, "To nawa ɗan fa? Wane ciwo ne nasa?"

Ya sosa hanci. Sannan ya buɗe wata 'yar takarda ya ɗora mini kwabon tagulla a tafin hannu, baƙi-baƙi, mai nauyi. A gefe ɗaya kan wani saurayi yana kallon dama. Inda yake kallo babu komai sai wani lotsattsen wuri, kamar an shafe da babban yatsa.

"Da can su biyu ne, suna fuskantar juna," in ji shi. "Wa da ƙane, Karakalla da Geta. Ubansu ya bar musu sarauta su yi tare. Ba su rufa shekara ba wan ya sa aka kashe ƙanen, a ɗakin uwarsu, yana riƙe da ita. Daga nan ya ba da umarni a goge sunansa da fuskarsa duk inda suke. Wasu garuruwan har kwabbai suka bi da kurfi suna kankare fuskarsa. Irin waɗannan Tullio yake nema, tun bara."

"Tun bara yaushe?"

"Wajen kaka."

Na ce, "Ita uwar fa?"

"An hana ta ko kuka." Ya dube ni, ya ga fuskata, ya yi sauri ya karɓe kwabon. "Haba Sora Ersilia, labari ne na shekara kusan dubu biyu. Kuma ma kwanan nan ya daina. Yanzu masu kai biyu lafiyayyu yake saye, wa da ƙane kowa da fuskarsa. In ni ne ke, murna zan yi."

Na so in yi murnar. Na taho gida ina gaya wa kaina cewa tsoho ne mai surutu, ni kuma tsohuwa ce mai neman abin damuwa. Amma tsoro ya riga ya shiga, kuma ni in tsoro ya shige ni ba ya zama wuri ɗaya, sai ya sa ni aiki. Ranar Talata da yaran suka tafi inji na ɗauki tsumma na sauka ƙasa, wai zan yi shara.

Ɗakin Tullio a gyare yake tsaf, har ya fi yadda na san shi. Kwalaben mai duk an wanke an kife. Na jawo aljihun tebur na farko, ga tsoffin nan irin wanda Amilcare ya nuna mini, wurin da aka goge ya yi baƙi kamar sauran jikin kwabon. Na jawo na biyu. Su ma kai ɗaya-ɗaya ne, amma inda aka kankare yana ƙyalli, ja-ja, sabo fil. A gefensu ga ɗan magagari, ga garin tagulla a kan farar takarda.

Wannan mutumin da in ka taɓa masa kwabo da jiƙaƙƙen hannu sai ya kwana bai yi maka magana ba. Wanda yake wata shida yana lallaɓa datti da tsinke don kada ya ji wa hancin sarki ciwo. Shi ne ya zauna ya sa magagari ya cinye fuskar mutum, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da tsabta. Na zauna a bakin gadonsa. Na ɗauki guda na jefa a aljihu, ban ma san dalili ba.

Lokacin farautar aladen daji ne. Duk Lahadi tun da aka buɗe farautar, Tullio yakan fita da asuba da ƙungiyarsu, kuma bana, abin da bai taɓa faruwa ba, Nevio yana bin sa. Nevio da ko kaza Loredana ke yanka masa. Na sha jin mafarauta suna cewa a dajin nan in alade ya ratso tsakanin mutum biyu, ba a sanin harsashin wa ya yi me. Duk shekara sai an ji labari daga wani gari, a ce tsautsayi ne, a yi jana'iza, shi ke nan.

Na tare Nevio a bakin inji ranar Alhamis.

"Kai me ya haɗa ka da farauta? Da wannan ƙirjin naka?"

"Iska nake sha, Mama."

"Iskar gari ta ƙare ne? Ka zauna gida ranar Lahadi."

"Ba zai yiwu ba." Ya sumbace ni a goshi yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. "Ki bar wannan maganar."

Na kasa gaya masa. Ta yaya uwa za ta buɗe baki ta ce wa ɗanta, ina jin yayanka zai kashe ka? In na faɗa kuma ba haka ba ne, na raba su har abada. In na yi shiru kuma haka ne fa? Na je coci na durƙusa, na kasa haɗa addu'a ko ɗaya.

Abin da ya fi firgita ni shi ne yadda Tullio ya sauya a makon. Fuskarsa ta saki. Ya hau sama ya gyara mini tagar da nake ta mita a kanta tun bazara. Ranar Asabar ya ci taliya faranti biyu, har ya ce wa Loredana miyarta ta yi daɗi, alhali ba ta yi ba. Ya miƙa wa ƙanensa burodi da hannunsa. Da yamma na leƙo ta bene na gan shi a tsakar gida, bindiga a kan cinya, yana goge ta yana ɗan fito. Na ce a raina, wannan ya gama yanke shawara.

Da asubar Lahadi na buga wa Nevio waya, na ce ƙirjina, na ce numfashina, na saki wayar ta faɗi ƙasa don ya ji ƙarar. Ban taɓa yin ƙaryar ciwo ba, amma ranar ba sai na yi wani ƙoƙari ba, zuciyata dama bugawa take kamar za ta fito. Ya hau da gudu da kayan farauta a jikinsa. Na damƙe wuyan hannunsa da hannu biyu.

Tullio ya biyo bayansa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"A kira likita?"

"A'a," na ce. "Nevio dai ya zauna da ni. Kai je ka abinka."

Nevio ya ce, "Tullio, ka jira ni. Ko mu fasa yau gaba ɗaya."

"Me za a fasa? Ka zauna da ita." Ya matso, ya sunkuya ya sumbace ni a kumatu, abin da rabonsa da yi tun jana'izar ubansa. Na ƙara matse hannun Nevio. Ya duba hannayen namu, ya yi ɗan murmushi. "Kina hannu mai kyau, Mama."

Na ji saukarsa, na ji tashin mota. Wani daɗi ya rufe ni har na lumshe ido. Na ce na tsirar da ɗana.

Nevio bai zauna ba. Yana ta kai da kawo tsakanin gado da taga, yana danna waya. Can ya juyo ya ƙare mini kallo.

"Mama, launin fuskarki ya fi nawa kyau. Me ke faruwa?"

"Ciwo nake."

"Ke da ko allura za a yi miki sai unguwa ta ji? Ki gaya mini gaskiya."

Na tashi zaune. Na laluba aljihun rigar da ke rataye a kujera na ciro kwabon na ba shi, na kwashe labarin Amilcare na faɗa masa, da magagarin, da garin tagullar. Ina magana ina kuka, ina jin haushin kukan. Na ce, "Ka ga abin da yake yi wa fuskar ƙane. Ka ce in bar ka ka shiga daji da shi?"

Ya kai kwabon bakin taga, inda gari ya fara haske. Ya daɗe yana juya shi. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa har sai da na kasa kunne.

"Tun ina yaro yake cika mini kunne da waɗannan biyun. Wan shi ne mai rawanin ganye a ka. Ƙanen kansa a buɗe yake, babu komai." Ya miƙo mini. "Dubi wanda ya bari."

Na duba. Yaro ne mai sumar kai a buɗe, babu ganye ko ɗaya, fuskarsa lafiya lau, an ma goge ta tana sheƙi.

"Ba ƙanen yake kankarewa ba, Mama. Wan ne."

Ban gane nan take ba. Sai da na ga yana neman makullin motarsa.

"Me kike tsammani ya sa nake bin sa daji? Ni da ƙarar bindiga ke sa ni fitsari? Tun da ya ce in riƙe masa takardun gona, kamar mai yin sallama, nake manne da shi. Duk Lahadi ina bayansa kamar kare. Yau kuma kin..." Bai ƙarasa ba. Ya buga wa shugaban ƙungiyar farauta. Ina jin muryar mutumin daga inda nake: Tullio ai tun jiya ya ce ba zai samu zuwa ba.

A bakin ƙofar Nevio muka tarar da karyar Tullio a ɗaure, da kwanon abincinta a gefe, da buhun abincin gaba ɗaya. Na shiga motar da silifas da rigar barci, ban ko ɗauki mayafi ba. Nevio ya ce akwai wani wuri a dajin sama inda Tullio yake yawan zama in sun rabu da mutane. Ya ba ni wayarsa ya ce in yi ta kira.

Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. Hanya ta fara hawa, duwatsu suna dukan ƙasan motar. Daga tsaunin da ke ƙetare aka fara harbi, mafarauta sun tayar da alade, kuma kowace ƙara sai na ji ta a cikin haƙorana. Nevio ya ce, "Ki kira da taki. In ya ga sunana ba zai ɗauka ba." Ashe tawa tana hannuna tun daga gida, ban sani ba.

Ya ɗauka.

"Mama?" Muryarsa a natse. Ina jin iska da ganye a bayansa. "Me ya samu Nevio?"

"Babu abin da ya same shi."

"To jikin ne? Ba shi wayar."

"Tullio, kai nake kira."

Na ɗauka layin ya yanke, na duba, yana nan.

"Wani abu ne ya lalace a gidan?" ya ce.

"Babu abin da ya lalace. Kai nake nema. Kai."

Aka sake harbi, kusa wannan karon, na ji ta a taga na ji ta a cikin waya. Na daina numfashi. Sai da na ji ya ja hanci sannan na dawo duniya.

"Ban san me zan ce miki ba, Mama."

"Kada ka ce komai. Kar dai ka kashe wayar nan. In ka kashe, wallahi sai na..." Ni da ban taɓa rasa abin da zan yi wa mutum barazana da shi ba, ranar na rasa. Sai na kama surutu. Na ce tagar da ya gyara tana ƙara in an buɗe. Na ce miyar Loredana gishiri ya yi mata yawa kuma shi ma ya sani. Na tambaye shi ko ya karya kumallo, ya ce a'a. Na zage shi a kan haka. Duk abin da ya zo bakina na faɗa, ina tsayawa bayan kowace magana in ji ko yana numfashi.

Muka hango motarsa a gefen hanya. Nevio ya tsaya zai fita, na riƙe shi na ce ya zauna. Na bi 'yar siririyar hanyar da ƙafa, silifas ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. Wayar na kunnena har na gan shi.

Yana zaune a kan wani faɗaɗɗen icce, bindiga a gicciye kan gwiwarsa, waya a kunne. Ya gan ni, bai tashi ba. Tsoro ya hana ni gudu, ya hana ni tsayawa. Na ƙarasa a hankali, na zauna kusa da shi a kan jiƙaƙƙen iccen, na ɗora hannuna a kan bakin bindigar. Ƙarfen ya yi sanyi ƙwarai.

"Za ki yi mura," ya ce.

"To kai ni gida."

Ya leƙa bayana. "Ai tare da Nevio kuke. Yana mota, ko?"

"Yana mota. Kai na ce."

Karnuka suna haushi can nesa, ni kuwa ban ɗauke hannuna ba. Daga baya ya sa babban yatsa ya buɗe bindigar, ya zaro harsashi ya riƙe. Na buɗe tafina, ya saka mini.

"Sauran fa?" na ce.

Na laluba aljihun rigarsa kamar yadda nake yi yana yaro in ya dawo daga gona, na dama da na hagu, na duba jakar da ke ƙafarsa. Babu ruwa, babu burodi, babu komai. Guda ɗayan nan kaɗai ya fito da shi daga gida.

Na miƙe, ya tallafe ni. Na kama hannunsa da hannu biyu, muka fara gangarowa.